Kiciɓis a Kan Hanya: Nazarin Ɗorewar Faɗan Ba-zata a Wasannin Bidiyo na Japan

Gabatarwa

Wanda ya leƙa shagon gem a Ƙofa, Kiru ko Tudun Wada, ƙwallo zai tarar ana bugawa: yara biyu a zaune, 'yan kallo a tsaye suna gardama. Sai dai wayar hannu ta shigo mana da wani nau'in wasa daga Japan, wanda mutum ɗaya ke yi, ya shiga rigar jarumi ya bi dogon labari gari-gari. Kukan sabon shiga a wannan wasa ɗaya ne. Yana tafe a fili fetal, babu kowa a gabansa, kwatsam allo ya juya, kiɗa ya sauya, ga dodanni uku sun tare hanya. Ya gama da su, bai yi taku ashirin ba, ga wasu. Wannan shi muke kira kiciɓis a nan. Matsalar da ta haife shi ta kau tuntuni, amma har gobe ana sa shi a sababbin wasanni. Dalilin hakan ne wannan nazari ya bi diddigi.

Asalin abin

Tushen yana Amurka. A wasan tebur na Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, alƙalin wasa kan jefa ɗan ludo lokaci-lokaci; in shida ta fito, dodo mai yawo ya riski matafiya. Wasan kwamfuta na Wizardry ya ɗauki dabarar a 1981, daga nan Yuji Horii na Japan ya sa ta cikin Dragon Quest, wanda kamfanin Enix ya fitar ranar 27 ga Mayu, 1986. Final Fantasy na kamfanin Square ya biyo baya a Disamba 1987.

A lokacin, dole ce ta sa. Kaset ɗin Dragon Quest na farko kilobait 64 ne kacal, wato hoto guda a wayar yau ya ninka shi sau da yawa. Na'urar Famicom da ake buga shi a kai kuma ba ta iya jera ƙananan surori masu motsi fiye da takwas a layi ɗaya. Babu halin cika daji da dodanni, sai aka ɓoye su a cikin lissafi. Pokémon na 1996 ya nuna yadda lissafin ke aiki: duk takun da aka yi a cikin ciyawa, na'ura na zaɓar lamba tsakanin 0 da 255, in ta gaza adadin da aka yanka wa wurin, faɗa ya tashi. Lamba ta biyu ce ke zaɓar wanda zai fito daga gurabe goma.

Amma ƙarancin na'ura bai isa hujja ba. Mother 2 a 1994 da Chrono Trigger a 1995 sun baje abokan gaba a fili, kowa na ganinsu. Duk da haka Final Fantasy VII na 1997 da Final Fantasy X na 2001 sun riƙe kiciɓis, haka Octopath Traveler na 2018, haka sabon zubin Dragon Quest III na 2024. Ke nan akwai wani aiki da yake yi.

Aiki na farko: auna guzuri

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan lissafi. Madugu ba ya ɗaga ayari sai ya ƙiyasta nisan zango, ruwa, abinci da abin da za a biya a mashigai, domin bai san abin da daji zai fito da shi ba. Haka direban da zai ratsa dajin Falgore kan duba mai da tayoyi tun daga Tudun Wada. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A Dragon Quest masauki shi ne zango. Ɗan wasa ya shiga kogo da ganyen magani ƙididdigagge, kowane kiciɓis kuma yana rage masa jini kaɗan. Babu faɗa ɗaya mai ban tsoro. Taruwarsu ce ke kisa. A hawa na uku sai tambaya ta taso: ga akwatin dukiya can a lungu, ganye biyu ya rage, in je ko in juya? Da dodannin a bayyane suke, gwanin yatsa zai kauce musu duka, tambayar ta mutu. Rashin gani ne ya sa wa hanya farashi. Shi ma mai tsara wasan ya huta, domin yana iya ƙiyasta yawan faɗan da ke tsakanin gari da babban dodo, ya san ƙarfin da jarumi zai isa da shi.

Aiki na biyu: daɗin farauta

Duk wanda ya taɓa bin mafarauta da rani ya san cewa kafin a bugi kurmi babu mai sanin ko zomo ne zai fito, ko gafiya, ko ba komai. Wannan rashin sani shi ke riƙe mutum a daji har yamma. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiro Pokémon, kamun ƙwari ya tashi yana yi a Machida, kuma doguwar ciyawar wasansa daga nan ta samo asali. A Dragon Quest akwai Metal Slime: da wuya ya fito, in ya fito yakan arce, in an kashe shi lada mai tsoka ne. A Pokémon na 1999 an ƙara halitta mai launi na daban wadda ke fitowa sau 1 cikin 8,192. Masana halayya, Ferster da Skinner, sun nuna tun 1957 cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi riƙe mai nema. Nan amfanin yake, nan kuma haɗarin yake, domin da irin wannan igiya caca ke ɗaure mutane.

Inda yake ɓaci

Kiciɓis na lalacewa ne idan faɗan ya daina tambayar ɗan wasa komai. Jemagun Zubat da ke cika kogunan Pokémon sun zama abin ba'a saboda haka: ba sa kisa, ba sa ba da lada mai tsoka, lokaci kawai suke ci. A ce kowane faɗa minti ɗaya ne, kogo kuma ya ƙunshi talatin. Rabin awa ke nan ana danna maɓalli guda. Ga yaron da ya biya kuɗi wurin mai caji kafin wayarsa ta kawo, wannan asara ce tsagwaronta.

Masu tsarawa sun bi hanya biyu. Wasu sun yar da shi, kamar Dragon Quest IX a 2009 da Pokémon Scarlet da Violet a 2022. Wasu sun miƙa wa ɗan wasa linzami. Etrian Odyssey na 2007 ya sa alama mai rikiɗa zuwa ja idan faɗa ya matso. Bravely Default ya ba da damar ninka yawan kiciɓis ko kashe shi ɗungurungum, tsofaffin Final Fantasy shida da aka sake fitarwa a Switch da PlayStation 4 a 2023 su ma sun ba da damar kashe shi.

Kammalawa

Kiciɓis ya ɗore ne saboda yana mayar da tazarar da ke tsakanin gari biyu ta zama abin shawara, kuma yana lalacewa a duk inda babu abin da za a rasa ko a samu. Matasanmu da ke koyon haɗa wasanni a waya suna da kayan aiki a gida: ayarin Gwanja, zangon Bebeji, dajin Falgore. Duk wanda zai sa kiciɓis a hanyarsa, ya tabbata kowane faɗa na taɓa guzuri, ladan ya bambanta, sannan ya bar wa matafiyi damar juyawa.