Lalurar galahanga: Hanyoyin taimaka wa yaron da bai fara magana ba ya isar da saƙonsa

Galahanga lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro ke bunƙasa, wadda kan taɓa magana da mu'amala da jama'a. Likitan nan Leo Kanner ne ya bayyana ta a rubuce a shekarar 1943, bayan nazarin yara 11 a Amurka. A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro ɗaya cikin 100 na ɗauke da ita, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 2 ga Afrilun kowace shekara domin wayar da kai a kanta.

Wasu daga cikin yaran sukan girma ba tare da furta kalma ba, ko kuma su tsaya a kan kalmomi kaɗan. Rashin furuci ba ya nufin rashin abin faɗa. Sau da yawa kuka da cizo da buga kai da ƙasa hanya ce ta cewa "ina jin yunwa" ko "hayaniyar ta yi mini yawa". Saboda haka masana suka tsara hanyoyin sadarwa na tallafi, waɗanda ke ƙarfafa maganar baki ko su tsaya a madadinta.

Ire-iren hanyoyin

Na farko shi ne ishara da hannu, wanda ba ya buƙatar kayan aiki. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin kurame na da harshensu, Maganar Hannu, wanda masaniyar harshe Constanze Schmaling ta nazarta a Kano, ta kuma wallafa littafi a kansa a shekarar 2000.

Na biyu shi ne hotuna a kan kati ko allo. Tsarin da ya fi shahara shi ne PECS, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙira a jihar Delaware ta Amurka a 1985. Yana da matakai shida. Ana farawa da koya wa yaro miƙa hoton abin da yake so domin a ba shi abin, daga nan ya koyi zaɓe tsakanin hotuna, har ya kai ga haɗa jimla irin "ina son ruwa" da bayyana abin da ya gani.

Na uku shi ne manhajojin waya da ke furta kalma idan an taɓa hoto. Galibinsu da harsunan Turai suke magana, amma wasu na ba iyaye damar ɗaukar muryarsu da Hausa su ɗora a kan hoton.

Yadda iyali zai fara

A unguwa irin Dogo Tebo ta garin Potiskum, inda Hausa ke cuɗanya da harsunan Ngizim da Karai-Karai da Bolewa, hoto na da wata fa'ida: kowa a gidan zai gane shi, ko da wane harshe yake magana. Masu koyar da magana sun yi ƙaranci a Najeriya, akasarinsu kuma suna manyan birane, don haka nauyin kan faɗa kan iyaye.

Ana iya farawa da hotuna uku ko huɗu na abubuwan da yaron ya fi ƙauna, kamar kofin kokonsa, ƙosai, buta ko tabarmarsa. A ɗauke su da waya, a wanke, a manna a kwali. Duk lokacin da ya miƙa hoto, a ba shi abin nan take, a kuma faɗi sunansa da baki. Manya su riƙa nuna hoton yayin da suke magana, domin yaro da gani yake koyo. A bar katunan inda hannunsa zai kai, kada a karɓe su a matsayin horo, a kuma sanar da yayyensa da malaminsa na boko da na Islamiyya.

Shin hotuna na hana magana?

Wannan shi ne babban tsoron iyaye. Binciken masana ya nuna cewa hanyoyin ba sa dakushe magana, hasali ma wasu yaran sukan ƙara yawan kalmominsu bayan sun fara amfani da su. Jiran sai yaro ya yi magana da kansa na iya cinye shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyo, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Lokacin neman likita

Idan yaro ba ya waiwayowa idan an kira sunansa a shekara ɗaya, ko ba ya nuna abu da yatsa a wata 18, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya, a kai shi wurin likitan yara, a fara da gwajin ji. Daga Potiskum ana iya tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta tanadi haƙƙin irin waɗannan yara na samun ilimi ba tare da tsangwama ba.