Daga Kwalin Kaset Zuwa YouTube: Harkar Fim Kamar Yadda Mai Aikin Ƙarfi Ya Gan Ta

A harkar fim ta Kano, da wuya ka samu wanda ya shigo da sana'a ɗaya ya kuma tsaya a kanta. Lokacin da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, ba makarantar koyon fim suka fito ba. 'Yan dirama ne da suka saba da dandamali da gidan talabijin, sai ga kamarar bidiyo irin ta ɗaukar biki ta shigo hannu. Wanda ya fito a matsayin sarki da safe, shi ne zai riƙe wayar lantarki da yamma. A haka muka tarar da abin, kuma ni ma ta ƙasa na bi.

Aikina na farko a shagon haya kaset ne. In mayar da zare baya, in goge ƙura, in rubuta sunan wanda ya ɗauka a littafi. Yawancin masu zuwa yara ne da matan aure suka aiko daga cikin gida, kuma saƙon da suke kawowa bai cika ambaton sunan fim ba. Sai ka ji yaro ya ce, "Wai a ba ta mai waƙar nan, ba mai faɗa ba." Tun a nan na gane cewa mai kallon da ke riƙe da wannan sana'a tana zaune ne a tsakar gida, ita da ba ta taɓa taka sinimar Plaza ko El Dorado ba.

Daga nan wani maigidana ya kai ni Ƙofar Wambai, wurin masu kwafe. Duk wanda bai zauna a ɗakin kwafe ba, bai san yadda kuɗin fim ke tafiya ba. Injinan bidiyo ne jere a kan katako, ɗaya na wasa, sauran na ɗauka, ɗaki ya yi zafi kamar gidan burodi, kai kuma idonka na kan agogo don kada zare ya ƙare ba ka sauya ba. Furodusa ba kaset yake sayarwa ba. Kwali yake bugawa, ya kawo wa 'yan kasuwa tare da uwar kaset, su sayi kwalin, su kwafe a kan nasu kaset ɗin da babu komai. Yawan kwalin da aka ɗauka shi ne cinikinsa. To, wanda ke sayen kwali kuwa shi ke da bakin magana. Na sha jin ɗan kasuwa ya juya fasta a hannu ya tambayi furodusa, "Waƙa nawa ce a ciki? Wa ka sa a gaba?" Labarin fim ɗin ko a jikinsa. Bayan Sangaya ta yi kasuwa a 1999, Wasila ta biyo baya a 2000, wannan tambaya ta zama doka. Masu zagin 'yan fim da kwaikwayon Indiya suna da tasu gaskiyar, amma sun yi kuskuren adireshi. A wancan lokacin, a rumfar kasuwa ake yanke yawan rawar da za a yi, darakta aiwatarwa kawai yake.

A waɗannan shekarun ne abin ya yi suna. Sunusi Shehu ya laƙaba masa Kannywood a mujallar Tauraruwa, Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a 1999. Ni dai a lokacin na koma lokeshin, ina ɗaukar fitila da jan janareta nesa don kada ƙararsa ta shiga sauti. Sai aka ba ni kwantiniti, aikin da kowa ke rainawa: ka rubuta wane ɗankwali jaruma ta ɗaura, a wane hannu agogon jarumi yake, shayin da ke kofi ya kai ina. Ranar da aka dawo ƙarasa fitowa bayan mako biyu, jaruma ta zo da sabon lalle har gwiwar hannu saboda bikin ƙawarta, littafina ne kaɗai ya tuna cewa hannunta fari yake a ɗaukar farko. Aka nemo mata mayafi mai faɗi, aka ce kada ta ɗaga hannu.

Na yi welfeya ma, wato ciyar da mutanen lokeshin. Ba zan daɗe a kansa ba. Abin da na sani shi ne, darakta na iya yi wa mutum tsawa ya haƙura, amma in abincin rana ya wuce la'asar, aiki ya tsaya.

Sau biyu ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinmu ta fuskar hukuma. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar, har aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. A 2007 aka sake dakatar da ɗauka na watanni, mutane da yawa suka kwashe kayansu zuwa Kaduna. Waɗanda suka fi shan wuya ba ƙananan ma'aikata ba ne, yadda ake zato. Yaron fitila ya koma ɗaukar biki, mai kwalliya ta koma yi wa amare. Wanda ya rasa tudun dafawa shi ne wanda fuskarsa ta yi sanuwar da ba zai iya tsayawa a rumfa ya sayar da komai ba.

Amma abin da ya kashe tsohuwar kasuwa ba doka ba ce. CD ya kori kaset, sannan memori ya kori CD. Masu tura fina-finai a waya suka cika bakin titi da kwamfutocinsu, fassarar fina-finan Indiya irin ta Algaita ta zo da araha, ba jarumin da za a biya, ba lokeshin. Kwali ya rasa mai saye. Ni kaina na zauna a irin wannan shago ina tura wa mutane fim a waya, ina kallon yadda aikin wata uku ke tafiya a kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba.

Arewa24 ta buɗe a 2014, Daɗin Kowa ya koya wa mutane jiran shiri mako-mako, kuma zuwa 2020 Izzar So da Labarina sun tabbatar da cewa zamanin fim mai dogon zango ya zo. Yanzu tace hoto nake yi a wani ɗan ofis a Zoo Road. Ɗan kasuwar Ƙofar Wambai ya tafi, amma kujerarsa ba ta zauna babu kowa ba. Furodusa kan tsaya a bayana da waya a hannu, yana duba a wane minti masu kallon YouTube suka gudu a makon jiya, ya ce in yanke gaisuwar nan, ta yi tsawo, in kuma matso da rigimar kishiyoyin zuwa farko.