Gidan Ɗan Hausa: Me Ya Zaunar da Bature a Cikin Laka?

A unguwar Nassarawa ta Kano akwai wani tsohon gidan ƙasa mai zankwaye da zane a fuska, ana ce masa Gidan Ɗan Hausa. Wanda ya zauna a ciki babban jami'in gwamnatin Ingila ne da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa. A can kuwa mai hali da dutse ko jan bulo yake gina gidansa na ƙauye, ya kewaye shi da lambu da shimfiɗar ciyawa. To me ya sa wannan ya yarda da laka, kuma yaya laka ta haura shekara 100 a tsaye?

Shi dai Ɗan Hausa ba haifaffen Ingila ba ne. Sunansa Hanns Vischer, an haife shi a Basel ta Suwizalan a 1876. Aikin mishan ya fara kawo shi ƙasar nan, daga baya ya zama ɗan Birtaniya, ya kama aikin mulki a Borno. A 1906, shekarar da sojojin Turawa suka afka wa Haɗejiya har Sarki Muhammadu ya yi shahada, shi Vischer ya ƙetaro Sahara da ayari, daga Tarabulus ta Murzuk da Bilma zuwa Kukawa. A 1909 ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, ana koyarwa da Hausa.

Lissafin shekarun nan ya warware rabin zancen. Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911. Kafin jirgi, siminti da kwano sai a kan ɗan dako ko bayan jaki, ko Razdan a ɗakin ƙasa yake kwana. Ɗaya rabin, a ganina, dabara ce. Tsohon ɗan mishan ne yake roƙon sarakuna su ba shi 'ya'yansu, raunin yaƙi bai warke ba, ana zargin boko hanyar raba yaro da addininsa ce. Hakimin da ya zo ya tarar da soro irin nasa, hankalinsa ya fi kwanciya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, sunan Bature ya rufe na maginan. Su suka kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, suka mulmula tubali, suka jera shi kansa sama, gindin bango da kauri, yana sirancewa yayin da yake tashi. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cinta ba, sai dai ba ta jure nauyi in tazara ta yi nisa. Don haka magini yakan ɗaura gajeru kan gajeru, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a sama, a lulluɓe su da laka. Bakan gizo ke nan, fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya. Sai makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso daga katsin marina, su hana ruwa ratsawa, indararo ya watsa ruwan rufi nesa da bango.

Duk da haka, ba don yaɓe ba da tuni gidan ya zube. Yau yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Wurin ma ya taimaka, domin Nassarawa tudu ce. A fadamar Haɗejiya, Auyo da Kafin Hausa, ambaliyar 2020 da ta 2022 sun rushe gidajen ƙasa masu yawa, mutane suka ce laka ce ba ta da ƙarko. Ba daga sama ruwan ya ci su ba. Kwana ya yi a gindin bango, ya jiƙa tubalin ƙasa, nauyin rufi ya ƙarasa sauran.