Pil Huɗu Sun Kayar Da Pil Shida: Tarihin Na'urar Wasan Aljihu Da Irin Wadda Ta Dace Da Mu

Yau hirar tamu a kan wani ɗan abu take, wanda yawancinmu muka taɓa riƙewa a hannu, ko namu ko na aro: na'urar wasa ta aljihu, wadda ƴan lakkwal ke cewa konsol. In da yau za a ce mu zana wadda ta fi dacewa da yaron Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, yaya za ta kasance? Kafin kowa ya fara lissafo ƙaton ekran da kala dubu, mu ɗan waiwayi tarihi. Kamfanoni sun shafe sama da shekara 40 suna gwada amsa wannan tambaya da kuɗinsu, wasu sun ci riba, wasu kuma sun tafka asara.

Tushen labarin a Japan yake. An kafa kamfanin Nintendo a birnin Kyoto tun 1889, kuma sana'arsa ta farko ita ce buga karta irin ta Japanawa. A 1965 suka ɗauki wani matashi mai suna Gunpei Yokoi aikin kula da injinan masana'anta, wato in inji ya tsaya shi ake kira. Daga nan ya koma ƙirƙirar kayan wasan yara. Ana ba da labari cewa wata rana a cikin jirgin ƙasa ya ga wani ma'aikaci zama ya gundure shi, yana ta latsa na'urar lissafi don rage lokaci. Sai Yokoi ya ce a ransa, ai wannan mutumin wasa yake nema. A 1980 Game & Watch ta fito: ƴar fallen na'ura mai shiga aljihun riga, da wasa ɗaya tak a ciki da agogo. A 1982, a samfurin Donkey Kong, suka kawo maɓallin nan mai kamar alamar tarawa, sama, ƙasa, hagu, dama, wanda har yau yake kan kusan kowace manet. An sayar da Game & Watch sama da miliyan 43.

Ba su ne suka fara shiga filin ba. A 1979 kamfanin Milton Bradley na Amurka ya fitar da Microvision, wadda ita ce ta farko da ake canza wa kaset. Sai dai ekran ɗinta ba ya jure wahala, wasanninta kuma kaɗan ne, zuwa 1981 ta ɓace daga kasuwa. Yokoi shi dabararsa daban ce. Ba ya bin sabuwar fasaha mai tsada. Yakan ɗauki wadda ta riga ta tsufa, ta yi araha, an san halinta ciki da waje, ya nemo mata sabon aiki. A lokacin Sharp da Casio suna ta gasar na'urar lissafi, ekran irin nata ya yi arha tuɓus, shi ya sa ya gina wasansa a kai.

Babban gwajin wannan dabara ya zo a 1989. Ranar 21 ga Afrilu Game Boy ta fito a Japan, a ƙarshen Yuli ta isa Amurka a kan dalar Amurka 90, wajen jika 29 na CFA a canjin lokacin. Ekran ɗinta ba kala, ba fitila, launi huɗu ne kawai na kore-kore, in dare ya yi sai ka matsa kusa da haske. A shekarar nan Atari ya fito da Lynx mai kala da haske, a kan dala 180. A 1990 Sega ya biyo da Game Gear, ita ma mai kala, wadda aka sayar dala 150 a Amurka. Duk wanda ya jera su uku a kan tebur zai ce Game Boy ta makara.

To amma a duba cikinsu. Lynx da Game Gear kowace pil shida take ci, ta cinye su cikin awa uku zuwa biyar. Game Boy pil huɗu take ɗauka, ta kai awa 15, wani lokaci har 30. Uban da ya saya wa ɗansa mai kala, kowane kwana biyu sai ya sake zura hannu a aljihu. Game Gear ta tsaya a wajen miliyan 10, Lynx ba ta ma kama ƙafarta ba. Game Boy tare da ƙanwarta Game Boy Color sun haura miliyan 118. Kun ga ke nan, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abu biyu suka ƙara mata ƙarfi. Na farko Tetris, wasan jera tubala da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, zamanin Tarayyar Sobiyet. Shi aka haɗa cikin kwalin Game Boy a Amurka da Turai. Ba ya buƙatar turanci ko japananci, cikin minti ɗaya tsoho da yaro sun gane shi. Na biyu ƙwari. Akwai wata Game Boy da ta ƙone a barikin soja lokacin yaƙin Golf na 1991, jikinta ya narke ya yi baƙi, amma tana kamawa. Shekaru da dama tana ajiye a shagon Nintendo na birnin New York tana buga Tetris. A 1993 ɗan sama-jannatin Rasha Aleksandr Serebrov ya tafi da tasa tashar Mir, ta yi wata shida a sararin samaniya ta dawo.

Yokoi kansa ya taɓa kauce wa hanyarsa. Virtual Boy ta 1995, wadda ake kifa fuska a ciki, ba ta karɓu ba, cikin ƙasa da shekara aka daina ta. Ya bar Nintendo a 1996, bayan fitowar Game Boy Pocket mai ƙananan pil biyu, ya rasu a haɗarin mota a watan Oktoba na 1997. Aikinsa na ƙarshe, WonderSwan ta kamfanin Bandai, ta fito a 1999 da pil ɗaya tak, tana kai wajen awa 30. Har ya bar duniya mutumin nan lissafin pil yake yi.

Mu a nan, Game Boy ta gaske ba kowane gida ta shiga ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar CFA da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje kuɗinsa ya ninka. Abin da ya cika mana hannu shi ne Brick Game ta Sin, mai rubutun "9999 in 1" a goshi, wadda ke shigowa cikin kayan ƴan kasuwa ta Kwatano da Kano. Wasa dubu tara ina! In ka ƙirga da kyau ƴan kaɗan ne ake ta juya su. Amma pil biyu sun ishe ta, kuɗin barka da salla yana sayenta, kuma da babu gara ba daɗi. A lokacin bakansi guda ɗaya takan zagaye unguwa, kowa ya mutu ya miƙa wa na kusa.

Sai salula ta shigo a farkon shekarun 2000. Nokia ta sa wasan maciji, Snake, a 6110 tun 1997, sannan 3310 ta shekarar 2000 ta kai shi ko'ina. Nokia 1100 mai tocila, ta 2003, an sayar da ita wajen miliyan 250 a duniya, batirinta kuma kwanaki yake yi. In dai gaskiya za a faɗa, na'urar wasan aljihu da ta fi yaɗuwa a ƙasarmu a lokacin ita ce wannan. Abin mamaki, da Nokia ta ce bari ta yi konsol na musamman, N-Gage ta 2003, sai ta yi tuntuɓe: kafin ka canza kaset sai ka buɗe baya ka cire batir, in za ka amsa kira kuma sai ka kara gefenta a kunne.

Tarihi ya sake maimaita kansa a 2004. Sony ya fito da PSP, kyakkyawa, mai nuna fim da kiɗa, ta sayu wajen miliyan 80, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Nintendo DS, mai ƙaramin ƙarfi da ƙaramin farashi, ta kai miliyan 154. PS Vita ta 2011 ta fi kowa kyau a zamaninta, amma sai da katin ajiya irin na Sony kaɗai take aiki, katin kuma da tsada, kasuwa ta guje ta. Nintendo ma da ya sa wa 3DS dala 250 a 2011, cikin ƴan watanni dole ya sauko zuwa 170.

Daga 2017 abin ya canza salo. Switch ta yi kasuwa sosai, Steam Deck ta biyo a 2022, Switch 2 a watan Yuni na 2025. Na hannu ne, amma ba na aljihu ba ne kuma. Steam Deck tsawonta kusan santimita 30, nauyinta giram 669, batirinta awa biyu zuwa takwas. Switch 2 ta fito a kan dala 450, sama da jika 250 a canjin lokacin, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata. Wata shida ke nan mutum bai ci ba bai sha ba.

To yanzu mu zana tamu. Mu fara da kuran, don a nan komai ke tsayawa. Wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a ƙasar nan. Waɗanda ke da shi ma ba su manta Agustan 2023 ba, lokacin da aka yanke layin Najeriya mai kawo kusan kashi 70 cikin 100 na kuran ɗinmu, har zuwa Maris na 2024. Tamu sai ta kai awa 20 a sharji ɗaya, ta sha wuta da igiyar USB-C irin ta salula, ta yarda da ɗan fanon sola na gida. Batirin kuma a iya cire shi da hannu a sa wani. Wannan ba mafarki ba ne: Tarayyar Turai ta wajabta USB-C ga irin waɗannan na'urori tun Disamba na 2024, kuma dokarta ta batir mai cirewa za ta fara aiki a 2027.

Sai zafi da ƙura. Nintendo da kansa ya ce a yi amfani da Switch tsakanin digiri 5 zuwa 35. Wanda ya san Afrilu da Mayu a Tawa ko Yamai ya san 40 ma muna wuce ta, kuma zafi shi ke kumbura batir. Manyan na'urorin yanzu suna da fanka a ciki, fanka kuma a lokacin hunturu ƙura take zuƙa. Ƴan sandunan juyawa na Switch sun yi ƙaurin suna wajen motsi da kansu, har ƙungiyar kare masu sayayya ta Faransa, UFC-Que Choisir, ta kai ƙara a 2020, daga baya kamfanin ya yarda da gyara kyauta a Turai. In a Paris haka ta faru, ina ga Damagaram a watan Janairu? Don haka tamu ba fanka, ba sanda, maɓallin Yokoi na 1982 ya isa. Ta riƙa ninkewa kamar Game Boy Advance SP ta 2003, murfi ya kare ekran daga makulli da tsaba a aljihu. A ɗaure ta da sukurori na gama-gari, yadda mai gyaran salula a bakin kasuwa zai buɗe ya canza abin da ya lalace.

Ta yi aiki ba intanet. Pokémon na 1996 da ƴar igiya ake haɗa Game Boy biyu a yi musaya. Mario Kart na DS da kaset ɗaya mutum takwas ke tsere, ba rezo, ba forfe. Wannan ya yi daidai da zaman fada, inda shayi ɗaya ke zagaye kowa. Farashinta kuma kada ya wuce na ƙaramar salula.

Wani zai ce, to ai salula tana aljihun kowa, me ya kawo wata na'ura? Maganarsa da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ma kamfanoni suka bar ƙananan konsol suka koma manya. Amma ku duba abin da yaro ke tararwa in an miƙa masa talho: talla kowane minti biyu, wasan da ke cewa sai ka biya kafin ka wuce, tallar caca a kan ƙwallo, da bidiyon da ba na shekarunsa ba. Ga shi talhon uwa ko uba kayan neman abinci ne, da shi ake ciniki, da shi ake aiken kuɗi. Na'urar da wasa kawai ta sani, uba ya san abin da ke cikinta, ya san kuma lokacin da zai karɓe ta a yi karatu. Ƙananan na Sin irin su Anbernic da Miyoo sun kusa da wannan siffa wajen girma da farashi, sai dai yawanci tsofaffin wasannin wasu ake kwafa a zuba musu.

Nan ne sauran aiki yake. Game Boy ba don Tetris ba da ba ta kai inda ta kai ba, Nokia ma macijinta ake tunawa. Tamu wane wasa za ta ɗauka? Muna da dara, gurbi 30, kowa da ƴaƴa 12, a jera uku a ci na abokin wasa. Ekran ɗin Game Boy na 1989 ma zai ɗauke ta ba wahala. Muna da langa, muna da kokowa da gasar takobi wadda ke tsayar da ƙasa gaba ɗaya a gaban rediyo da tele. A Kamaru, Kiro'o Games na Olivier Madiba sun fitar da Aurion a 2016 daga Yawunde, duk da yankewar kuran da ta yi ta dakatar da su. Ƙera na'urar kanta sai masana'anta, kuma ba mu da ita tukuna. Rubuta wasa kuwa kwamfuta ɗaya yake buƙata da haƙuri, kuma matasanmu da ke karatun infomatik a Yamai, Maraɗi da Damagaram suna da duka biyun. Duk wanda ya fara sa dara a ekran da hausa da zabarmanci, yadda kaka da jika za su buga tare, mun yi alkawarin ba shi fili a rediyo ya zo ya yi wa jama'a bayani.