Tarihin Honda, ɗan maƙerin da ya fara aiki da goyon jariri

Jama'a, akwai wani suna da kusan kowa ya taɓa gani. Yana jikin moto, yana jikin injin ban ruwa a garka, yana jikin injin wuta a kasuwa. Sunan shi ne Honda. Mutane da yawa suna tsammani sunan inji ne kawai. A'a, sunan mutum ne. Ɗan ƙauye ne, ɗan maƙeri, wanda bai taɓa samun babbar takardar lakkol ba. Ga tarihinsa.

An haifi Soyiciro Honda ran 17 ga watan Nuwamba na shekarar 1906, a wani ƙauye kusa da garin Hamamatsu, cikin ƙasar Japan. Japan tana can gabas mai nisa, teku ya kewaye ta. Ubansa maƙeri ne, kuma yana gyaran kekuna. Uwarsa masaƙiya ce. Yaro ya tashi a bakin maƙera, yana ganin yadda ƙarfe yake ja cikin wuta, yana miƙa wa ubansa kayan aiki.

Wata rana mota ta shigo ƙauyensu, abin da bai taɓa gani ba. Ya bi ta da gudu. Inda ta ɗiga mai a ƙasa, ya durƙusa ya sansana. Shi da kansa ya riƙa ba da wannan labari har tsufansa. Tun daga ranar ya sa wa ransa aikin inji.

A lakkol kuwa ba shi da ƙoƙari sosai. Ya yi shekara 8, ya iya karatu da rubutu da lissafi, daga nan ya tsaya. Amma wannan ɗan karatu ya yi masa rana. A shekarar 1922, yana da shekara 15, ya ga sanarwar wani garaji cikin wata jarida. Sunan garajin Art Shokai, yana Tokiyo, babban birnin ƙasar. Ya zauna ya rubuta wasiƙa da hannunsa, ya ce yana son a ɗauke shi koyon aiki. Aka amsa masa, aka ce ya zo. Tafiya ce ta fiye da kilomita 200.

Da ya isa, sai ya tarar abin ba haka yake ba. Ba a ba shi ko ƙusa ya kwance ba. Aikinsa shara, da aike, da goyon jaririn maigida. Wata da watanni yana yawo da yaro a baya, yana hangen manya suna gyaran mota. Ladansa abinci da wurin kwana da 'yan kuɗi kaɗan. Abin ya ƙona masa rai, amma kunyar komawa gida hannu wofi ta hana shi gudu. Ya yi haƙuri, ya buɗe ido, yana kallo.

Ran 1 ga watan Satumba na 1923, ƙasa ta girgiza a Tokiyo. Gidaje suka rushe, gobara ta tashi, mutum fiye da 100,000 suka mutu. Yawancin yaran garaji suka koma garuruwansu. Honda ya tsaya tare da maigidansa, mai suna Yuzo Sakakibara. Ga motoci da suka lalace birjik, ga ƙarancin ma'aikata. Nan fa yaro ya samu aiki har ya ishe shi. Maigida ya ga hannunsa yana da kyau. A 1924 har ya sa shi cikin masu ƙera wata motar tsere, wadda aka ɗora wa injin jirgin sama. Motar ta zo ta ɗaya, Honda yana zaune gefen direba yana kula da inji.

Shekara 6 ya yi a gidan. A 1928 maigida ya yaye shi, ya kuma yarda ya buɗe nasa garaji a Hamamatsu da sunan Art Shokai. Cikin dukan yaran, shi kaɗai aka yi wa wannan alfarma. Yana da shekara 21. Ya fara da yaro ɗaya. Motar da ta gagari wasu, a kawo masa, ya tashe ta. Kafin shekara 10 yana da ma'aikata fiye da 30.

To, a nan labari ya juya. Honda ya gaji da gyaran abin da wasu suka ƙera, ya ce shi ma sai ya ƙera nasa. Ya zaɓi wani ƙaramin abu, zoben fistan. Ku duba turmi da taɓarya. Cikin inji akwai rami kamar turmi, akwai fistan yana hawa yana sauka cikinsa kamar taɓarya. Zoben yana kewaye da fistan. Shi ne yake toshe tsakani, don kada ƙarfin wuta ya zurare, kada kuma mai ya hau sama ya ƙone. In zobe ya lalace, inji ya rasa ƙarfi, ya yi ta hayaƙi.

Honda ya ɗauka abin mai sauƙi ne. Ai ɗan maƙeri ne, ya san ƙarfe. Ya narka ƙarfe ya zuba, zobe ya fito da gautsi, ya karye. Ya sake, ya karye. Ya koma kwana a wurin aiki, kuɗinsa suna ta ƙarewa, bai gane inda cutar take ba. Gwanin da gari duka yake yabo, ga ɗan zobe ya ka da shi.

Daga ƙarshe ya ajiye girman kai. Ya ɗauki zobensa ya kai wata babbar makarantar koyon sana'a da ke Hamamatsu. Malamai suka auna ƙarfen, suka ce masa wani sinadari ne bai isa ba a ciki, sunansa silikon. Sinadarin yana cikin rairayi, amma ido ba ya ganinsa cikin ƙarfe, hannu kuma ba ya jin sa. Sai mai ilimin abin ya auna. Honda ya gane akwai abin da guduma ba ta koya wa mutum.

Yana da kamar shekara 30, ga iyali, ga ma'aikata suna ce masa maigida, ya koma ya zauna cikin samari yana sauraron malami. Gemu ba ya hana ilimi. Wajen shekara 2 ya yi yana zuwa. Darasin da ya shafi aikinsa shi yake bi, jarrabawa kuwa ba ya zama. Don haka makaranta ba ta ba shi takarda ba. Amma abin da ya je nema ya samu, zobensa ya daina karyewa.

Duk da haka wahala ba ta ƙare ba. Ya kai zobe 50 kamfanin motoci na Toyota, aka gwada, 3 kaɗai aka karɓa. Ya ƙara kusan shekara 2 yana zagaya makarantu da masana'antun ƙarfe na ƙasar, yana tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Daga baya Toyota ta riƙa sayen zobensa, har masana'antarsa ta kai ma'aikata 2,000.

Sai yaƙin duniya na biyu ya ci ƙasar. A 1944 bom ya faɗa kan masana'antarsa ɗaya. A 1945 girgizar ƙasa ta rushe wata. Ya sayar wa Toyota abin da ya rage. Bayan yaƙi mutane suna cikin talauci, mai ya yi wuya, sai keke. A 1946 Honda ya samu waɗansu ƙananan injuna, kamar 500, waɗanda soja suka bari. Da can wuta suke ba rediyon soja. Ya ɗaura su jikin kekuna, mutane suka yi rububin saye. Da suka ƙare ya ƙera nasa inji. A 1948 ya kafa kamfanin Honda.

Ya san kuma inda ƙarfinsa ya tsaya. Shi gwanin inji ne, ba gwanin ciniki ba. A 1949 ya haɗa kai da wani mutum, Takeyo Fujisawa, ya bar masa sha'anin kuɗi da kasuwa. A 1958 suka fito da ƙaramin moto mai suna Super Cub, mai shan mai kaɗan, mai sauƙin tuƙi. A 2017 yawan waɗanda aka ƙera ya kai miliyan 100. Mota kuwa sun fara ta a 1963. Su biyu suka ajiye aiki tare a 1973. Honda ya rasu ran 5 ga watan Agusta na 1991, yana da shekara 84.

Jama'a, ba kowane yaron garaji zai zama Honda ba. Amma mai ɗa wanda bai samu takarda ba, kada ya ce yaron ya lalace. A nema masa maigida nagari, mai koyarwa da gaske. Yaro kuma ya yi haƙuri da shara da aike, ya buɗe ido. Sai dai a tuna da abu biyu. Wasiƙar da Honda ya rubuta da hannunsa ita ta buɗe masa ƙofar garaji. Ranar da zobe ya gagare shi kuma, bai ji kunyar komawa gaban malami ba.