Ga masu tuƙi a Amurka: yadda haƙƙinmu a bakin titi ya samo asali

 Duk wanda ke kwana a bayan sitiyari, wata rana zai hango fitilar 'yan sanda a madubi. Abin da za su iya yi maka da wanda ba su isa ba, kotu ce ta tsara shi sannu a hankali, shekara ɗari ke nan.

Tun 1791 kundin tsarin mulkin Amurka ya hana hukuma binciken mutum ko gidansa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. A lokacin doki ake hawa. Da mota ta yawaita, kuma aka haramta barasa a 1920, sai ta zama abin fasa-ƙwauri. A 1921 jami'ai suka tare wani George Carroll tsakanin Detroit da Grand Rapids, suka farke kujerar motarsa, sai ga kwalba 68. Ya ce ai ba su da waranti. A 1925 Kotun Ƙoli ta ce mota ba gida ba ce, kafin a je wurin alƙali a dawo ta yi nisa, don haka in akwai ƙwaƙƙwaran dalili a bincika kawai. Har yau a kan wannan ake.

Shari'ar da ta fi shafar mu ita ce ta 1973. A California aka tsayar da wata mota da mutum shida a ciki saboda fitila ta mutu. Ɗan sanda ya ce zai iya dubawa? Ɗaya daga cikinsu ya ce bismillah, har da buɗe masa but. Aka tarar da cek ɗin sata a ƙarƙashin kujera, aka kama wani fasinja mai suna Bustamonte. Kotu ta ce binciken ya halatta tunda an yarda, kuma ba dole ba ne ɗan sanda ya gaya maka cewa kana da ikon ƙi. Ku lura da wannan fa. Mu da aka rene mu da kunyar musa wa hukuma, nan ne muke zubar da haƙƙinmu da bakinmu. Kuma direban haya bai san me fasinjan ɗazu ya yar a bayan kujera ba. Ka ce cikin ladabi: "I don't consent to a search." In ya bincika duk da haka, kada ka tare shi, lauya ne zai yi amfani da ƙin da ka yi.

A 1977 kotu ta ce in aka ce ka fito daga mota, dole ka fito, a 1997 ta haɗa da fasinja. A 1979 kuma ta hana tsayar da mutum haka kawai don duba lasisi, sai da dalili. Amma a 1996, a shari'ar Whren, alƙalai tara duka suka ce ko rashin kunna sigina ya isa dalili, ko da wani abu dabam ɗan sandan ke farauta. A ganina wannan hukunci ya fi cutar da baƙar fata. Shi ya sa fitilar baya da ta mutu ba ƙaramin abu ba ce, a gyara ta yau.

An ɗan samu sauƙi daga baya. A 2014 aka ce ko an kama ka, ba a buɗe wayarka sai da waranti. A 2015 wani Rodriguez a Nebraska, bayan an gama ba shi takardar gargaɗi, aka riƙe shi minti bakwai ko takwas kafin kare ya shinshina motar. An kuwa samu ƙwaya, amma kotu ta ce da zarar an gama abin da ya sa aka tsayar da kai, ba a ƙara riƙe ka sai da sabon dalili. To ka tambaya: "Am I free to go?"

Wancan gargaɗin na Miranda da kuke ji a fim, na 1966, kada ku jira shi a bakin titi. Tun 1984 aka ce bai shafi tsayarwar yau da kullum ba. Lasisi, rajistar mota da inshora dole ka miƙa. Daga ina kake, ina aka haife ka, kana iya cewa ba za ka amsa ba, amma ka furta haka da baki. Ƙarya dai a'a, musamman cewa kai ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba, wannan tana iya rufe maka ƙofar takardu har abada. Mai girin kat ya riƙa yawo da abinsa. Batun na goro kuwa, a bar shi a gida, nan laifi ne na ɗauri.

Hannu a kan sitiyari, in dare ne ka kunna fitilar ciki, ka faɗa kafin ka sa hannu a aljihu. 'Yan Bronx ba su manta Amadou Diallo ba, ɗan Gini, 1999, harsashi 41 a ƙofar gidansa, walat ce a hannunsa. Bayan an rabu ka rubuta sunan ɗan sandan, lambarsa, wuri da lokaci, ka ajiye wa lauya.