Taƙaita Shiga Kwamfuta Bisa Adireshi: Nazari a kan Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai

Tsakure

Maƙalar ta duba dabarar barin mutum ko hana shi shiga sabar kamfani gwargwadon inda ya ɓullo, wato ko yana zaune a gaban na'urar, ko yana cikin harabar masana'anta, ko daga waje yake. Ta nuna cewa dabarar tana da ƙarfi a cikin gida, amma irin intanet ɗin da masana'antun Kano suka dogara da shi ya raunana ta a waje.

Gabatarwa

Bompai ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, daga baya aka sami Sharaɗa da Challawa, wadda ta yi suna da jimar fata. Lissafin albashi da na kayan sito da sunayen dillalai yanzu a kwamfuta suke zama, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsaron bayanan mutane a wuyan wanda ya tara su. Kalmar sirri kaɗai ba ta wadatarwa, domin ana aron ta, ana kuma satar ta.

Yadda Dabarar Take Aiki

Tunanin ya daɗe. A 1990 Wietse Venema ya rubuta TCP Wrappers a jami'ar Eindhoven ta ƙasar Holan, manhajar da ke duba adireshin intanet na kwamfutar mai neman shiga ta gwada shi da fayilolin hosts.allow da hosts.deny. OpenSSH ta daina aiki da ita a 2014, amma aikin bai mutu ba, yana nan a pam_access na Linux, wanda ke karanta fayil ɗin access.conf. Kowane layi a fayil ɗin sassa uku ne: izini ko hani, sunan mai shiga, sai inda ya fito. Layin farko da ya dace da mutum shi ne ke yanke hukunci, ba a duba na ƙasa. Saboda haka wanda ya sa hanin gama-gari a sama ya kulle kowa a waje, har da kansa.

Akwai wurin da masu kula da na'urori ke yawan zamewa. A access.conf, alamar LOCAL na nufin wanda bai biyo ta hanyar sadarwa ba sam, kamar mai zama a gaban allon sabar. Akanta da ke ofishin da ke maƙwabtaka, ko da bango ɗaya ne tsakaninsa da na'urar, baƙo ne a wurinta, sai an rubuta adireshinsa. Adiresoshin cikin gida kuwa su ne waɗanda takardar RFC 1918 ta keɓe a 1996: masu farawa da 10, da 192.168, da kuma daga 172.16 zuwa 172.31. Ba sa yawo a intanet, don haka masana'anta ce ke da iko da rabonsu.

Inda Ta Gaza a Kano

Matsalar tana ɓullowa ne idan manajan da ke gida a unguwar Nasarawa, ko injiniyan da ya sayar da inji daga Legas, yana son shiga daga nesa. Adiresoshin IPv4 na babban rumbun duniya sun ƙare a Fabrairun 2011, shi ya sa kamfanonin waya ke cusa ɗimbin masu layi a bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT. Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a 2023, ita ma haka take yi wa masu rajista na gama-gari. Idan aka rubuta adireshin wayar manaja a jerin amintattu, an buɗe wa duk wanda ke tarayya da shi a wannan adireshi, gobe kuma adireshin ya canja a hana manajan shiga.

Wutar lantarki ta ƙara dagula lamarin. Tsakanin ɗaukewar wutar KEDCO da tashin janareta rauta tana mutuwa ta farfaɗo, sau da yawa da sabon adireshin waje. Idan babban layi ya yanke aka koma MTN ko Airtel, nan ma wani adireshin ne. Abin da ke biyo baya sananne ne: ma'aikacin da ya gaji da kiran waya cikin dare sai ya faɗaɗa jerin har ya zama bai hana kowa ba. A ganin wannan nazari, wannan ya fi rashin jerin muni, tunda masu kamfani suna zaton akwai tsaro.

Cikin gidan ma ba a cika sakin jiki ba. Idan wayoyin leburori da kwamfutar ma'aji da na'urorin sarrafa injuna suna kan zango ɗaya na 192.168, dokar da ta amince da zangon ta amince da su duka. Ga shi kuma Modbus, tsarin da injuna da dama ke magana da shi tun 1979, ba ya tambayar kalmar sirri.

Abin da Ya Fi Dacewa

Adireshi kamar maigadin bakin ƙofa ne da ya san ta wace hanya ka zo, bai san fuskarka ba. Ya kamata a bar masa aikin da zai iya. Asusun root, wato na babban mai kula da sabar, a taƙaita shi ga LOCAL. A raba harabar zango-zango, na ofis daban, na injuna daban, na baƙi daban, a ba muhimman na'urori adireshin da ba ya canjawa. Mai shigowa daga waje ya bi ta VPN, wato kariyayyar hanyar da ke haɗa shi da cikin kamfani, ya sami adireshin cikin gida da kamfani ya san shi, sannan dokar access.conf ta hau kansa. Shi ma VPN ɗin yana buƙatar shaida ta biyu, domin kutsen da ya tsayar da bututun mai na Colonial a Amurka a Mayun 2021 ta tsohon asusun VPN aka yi shi, da kalmar sirri guda. Kafin a adana duk wani gyara a fayil ɗin, a bar zama ɗaya a buɗe a kan sabar, a gwada shiga daga wata na'urar tukuna.